Idan Taya Ta Yi Faci a New Bell

Alhaji, in kana tsakiyar cunkoson Kasuwar Kongo ka ji sitiyari yana fizgarka gefe guda, kada ka ɗora wa maƙiya laifi. Kusa ce, ko kuma ramin da ruwan daren jiya ya rufe. Kunna fitilun haɗari ka nemi wurin tsayawa. Na san samun fili tsakanin 'yan bensikin (masu baburan haya) da masu tura kura da masu talla sai an yi da gaske, amma kada ka ce bari ka lallaɓa zuwa gida. Tafiya kaɗan a kan tayar da ta sace, ƙarfen wili zai daddatse ta, facin 'yan kuɗi kaɗan ya koma sayen sabuwa.

Kafin ka buɗe but, masana goma sun kewaye ka. Ɗaya zai rantse tun daga Akwa ya hango tayar tana rawa, wani kuma yana da ƙane makanike a Bonaberi. Gaishe su duka, haƙƙin unguwa ne. Sannan ka dubi wanda bai ce komai ba, ka roƙe shi ya samo maka dutsen da za a tokare mota. Shi ne zai taimake ka.

Ja birkin hannu, sa giya ta ɗaya, tokare tayar da ke can ɗaya kusurwar. Sassauta notina tun taya tana ƙasa. Wanda ya fara ɗaga mota kafin ya sassauta, zai yi ta juya taya a iska har la'asar, masana suna ta ba shi haƙuri. Bayan nan sai jak, a daidai gurbin da aka yi masa a ƙarƙashin jikin mota.

A nan ne Duwala ta bambanta da Kano ko Maraɗi. Garin nan yana shan ruwan sama kusan milimita 4,000 a shekara, daga Yuli zuwa Satumba kuwa ƙasa ba ta bushewa. Ka kafa jak a gefen titi, kana murɗawa kana jiran mota ta tashi, ashe jak ɗin ne yake nitsewa cikin laka. Maganin abin guntun katako ne mai kauri, faɗin tafin hannu biyu, ka ajiye shi a but tamkar takardun mota. Kuma don girman Allah, muddin mota tana kan jak, kada kai ko ƙafa su shiga ƙarƙashinta. Na yaron da ya zo taya ka ma haka. Wannan ba wurin wasa ba ne.

Sai safaya, marainiyar da ba a tunawa da ita sai ranar wuya. Mutum zai wanke mota kullum, ya fesa mata turare, ya rataya carbi a madubi, amma shekara guda bai leƙa safaya ba. Ranar da ya ciro ta sai ya tarar ta fi wadda ta yi faci laushi. Duba iskarta sau ɗaya a wata. In kuma irin siririyar nan ce, kada ka wuce gudun kilomita 80 a awa, kuma kada ka kama hanyar Yawunde da ita kana gogayya da manyan motocin katako a wajen Edeya. Aikinta ta kai ka wurin mai faci.

Wajen ɗaurewa, fara da hannu, ka riƙa tsallake noti ɗaya kana ɗaure na gabansa don wili ya zauna daidai. Ka ƙarasa da sifana bayan mota ta sauka. Ba sai ka hau kan sifanar kana tsalle da babbar riga ba, ƙarfin hannu ya isa. Bayan tafiyar kilomita 50 ka sake taɓa su.

A wurin mai faci, bar kusar a inda take, ita ce za ta nuna masa ƙofar. Zai tsoma tayar a bahonsa na baƙin ruwa ko ya shafa kumfar sabulu, inda ya yi ɓulɓul nan ne ciwon. Huji a tsakiyar taya yana karɓar faci, wanda aka manna ta ciki kuwa ya fi daɗewa. Amma yanka a gefe ko ƙullutun da ya kumburo a kwiɓinta, wannan taya ta gama aiki. Ko ya ce maka "za ta yi, maigida", ka gode masa ka ƙi. Iyalinka ne a kujerar baya. Iska kuma da geji ake aunawa, tun taya ba ta ɗau zafi ba. Harbi da ƙafa da ƙwanƙwasa ƙarfe ba sa faɗin komai. Adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba, yawancin ƙananan motoci wajen bar 2.2 ne.

In dole ta sa ka nemi tayar hannu, ko a Camp Yabassi ko a bakin titi, kada baƙin man da aka goga mata ya ruɗe ka. Nemi lambobi huɗu a gefenta: 2318 na nufin an yi ta a mako na 23 na 2018. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Zanen da ya gaza zurfin milimita 1.6 kuwa ba ya korar ruwa, za ka gane haka ranar da ka taka birki a kan gadar Wuri ana tsuga ruwa. In tayar motarka gefe ɗaya kawai take cinyewa, kai motar a daidaita mata ƙafa, don sabuwar ma haka za ta cinye.

Biya mai faci ba tare da dogon ciniki ba, karɓi lambar wayarsa, ka sa shi ya mayar da tayar gurbinta yau ɗin nan, safaya ta koma but da cikakkiyar iska.