Garin Gyaran Gira

Biro ne ya ja min. Na bar shi kwance a kan madannan laftof, aka kira isha'i, na danna murfi da ƙarfin wanda ya gama aikin yini. Na ji ƙas. Da na dawo daga masallaci na buɗe, baƙin tabo ya malale daga kusurwa, layuka ja da kore sun ratsa har ƙasa.

Yaron da ke gyara a bakin layinmu ya ce in sayo sikirin, shi kuma kuɗin hannunsa naira 5,000. Dubu biyar don kwance noti huɗu? A daren na kalli wani Ba'indiye a YouTube ya gama aikin kafin shayina ya huce, yana yi yana dariya. Na ce wa uwargida gobe za ta ga injiniya. Ta ce, "Malam, wancan injiniyan da ya gyara mana fanka fa?" Ban amsa ba, don fankar tana bayan ƙofa har yanzu.

Da safe na nufi Titin Beirut, inda Kano ke sayen kayan kwamfuta. Na je da ilimina: inci 15.6, kuma na san daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, ba a kwance ba. Mai shago ya ce, "Alhaji, mai fin 30 ko mai 40?" Ba'indiyen bai yi wannan karatun ba. Amma mutum ba ya tsayawa a kasuwa da babbar riga ya ce bai sani ba. Na ce arba'in, tunda a komai arba'in ta fi talatin.

Da na dawo gida, ashe robar da ta zagaye gilashin ba noti ke riƙe ta ba, wasu ƴan haƙoran roba ne, kuma kowanne in ya saki sai ya yi ƙara kamar ya karye. Wasu ma da gaske suke. Na zura katin ATM ina bi a hankali, har katin ya lanƙwashe ya daina sanin kowane banki. Notukan na zuba a murfin kofi, autana ya zo ya ɗauki murfin ya rufe shayinsa.

Ana cikin haka na juya tsohon gilashin, sai ga takarda manne a bayansa, da sunan kamfanin da ya yi shi da lambarsa. Ashe masu laftof ba su suke yin sikirin ba, saye suke yi wajen irin su BOE da Innolux da AUO, kuma wannan lambar ake kai wa mai shago, ba babbar riga ba. Bakin wayar sikirin nawa talatin ne. Na gwada tura talatin cikin arba'in ta kowace fuska, lissafi ya ƙi. Na koma kasuwa. Mai shago ya canza min bai ce komai ba, sai dai yaransa duk sun sami abin dubawa a ƙarƙashin kanta.

Saura batir. Ba'indiyen ya cire nasa tun farko da yatsa ɗaya, don nasa a waje yake. Nawa yana ciki, sai an kwance gindin na'urar gaba ɗaya. Na yi wa kaina fatawa: ai a kashe take, abin da aka kashe ba ya cizo. Na kama wayar na tura a ɗan karkace. Wani ɗan tartsatsi ya yi ƙyas, ƙauri ya biyo baya.

Na kunna. Fanka na juyawa, ƙaramar fitila na haske, sabon sikirin baƙi ƙirin. Autana ne ya haska tocila a kai, ya ce, "Baba, ga hotonka can ciki!" Da gaske, komai na nan, dishi-dishi, fitilar baya ce kawai ta mutu. Haka na ƙarasa rahoton ofis: yaro na riƙe da tocila, ina biyansa da biskit, duk sanda hannunsa ya gaji sai sakin layi ya ɓace.

Ranar Asabar na rungumi laftof ɗin zuwa bakin layi, autan na biye da ni. Mai gyara ya buɗe, ya sa mita, ya nuna min wani fis a jikin allon cikin na'urar, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ce muddin batir na jone, wutar fitilar tana nan a bakin wayar ko an kashe na'ura, fin biyu suna haɗuwa fis ya tafi. Aikin yanzu na dalma ne da madubi, naira 15,000. Ya girgiza laftof ɗin, wani abu ya yi ƙwal-ƙwal a ciki.

"Baba, wane ɗan koyo ne ya taɓa ta?"

Na gyara hula na ce wani yaron maƙwabta ne, mai rawar kai, ba ya jin magana.

Autana ya sa hannu a aljihu, ya zube noti uku a kan teburin, har yanzu suna danƙo da sukari. Ya ce, "Kawu, ga sauran. Baba ya ce na ado ne."