Zuwa Ga Sarkin Kaset Na Wusasa

Sarkin Kaset, magajin dutsen Kufena, Bazazzagin da ya fi rediyonsa ƙara. Hunturu ya kama, leɓe ya fara tsagewa, na kuma san ka riga ka taka kujera ka sauko da kwalin nan daga saman kwaba. Kada ka musa, uwargida ta tsegunta mini. Ta ce tun ɗaya ga Disamba Boney M. suka tare a falonku, kajin gidan ma sun haddace amshi.

Bara ai da idona na gani. Na baro Kano da sassafe don in ci shinkafar Kirsimeti, na iske ka a tsakar gida da singileti, ka zura biro a cikin kaset kana murzawa, zaren ya zubo har ƙasa kamar hanjin kaza. Da ka gama tiyatar ka maida shi, muryar ta fito a shaƙe kamar mai mura, kai kuwa ka lumshe ido kana kaɗa ƙafa. Sau bakwai na ƙirga kafin a sauke tukunya. Na yi shiru ne kawai saboda cinyar kazar ba ta iso gabana ba tukuna.

To bari in fasa maka ƙwai. Faifan nan na Boney M. na 1981 ne, waƙar da ka fi so a ciki kuwa, "Mary's Boy Child", tun 1978 suka yi ta, su ma aro suka yi, don Harry Belafonte ya rera ta a 1956. Muryar namijin nan mai kauri da kake kwaikwaya a sauran waƙoƙinsu idan kana wanka, ta Frank Farian ce, Bajamushen da ya haɗa ƙungiyar. Bobby Farrell da kake gani a hoto rawa ce tasa. Wani ya yi noma, wani ya sha kirari. Shi ya sa jininku ya haɗu da su, Zage-zagi.

In an ci an ƙoshi sai ka sako Jim Reeves na 1963, ka miƙe a doguwar kujera, ku yi ta gasar minshari. 'Yarka ta yi ƙoƙarin wayar maka da kai da Mariah Carey, ka ce, "Wannan yaron bai iya waƙa ba." Yaro! Ku dai mace da namiji duk "ya" ne a bakinku. Waƙar da kake kira ta yaran zamani tun 1994 take, sai a 2019 ta hau saman jadawalin waƙoƙin Amurka, bayan shekara 25. Wajen makara kam, ita ma kamar a Tudun Wada aka yanke mata cibiya.

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ban zo raba ka da abin ƙaunarka ba. Amma ka san Kano, ko da me ka zo an fi ka, har da bikin naka. Ni da Sallah ce tawa na zauna na haɗa maka jerin waƙoƙi a memori, kuma abin da na bi wajen zaɓe shi ne su yi kama da gidanka. Shekara arba'in kana rera dusar ƙanƙara alhali ƙurar hunturu ce a gashin girarka. Ƙanƙarar da ka sani ita ce ta cikin kular zoɓo.

Ta farko ta Sharon Jones ce, a faifanta na 2015, sunanta "Ain't No Chimneys in the Projects". Matar nan a Brooklyn ta tashi, ta yi aikin gandiroba a kurkukun Rikers, ba ta fitar da faifanta na farko ba sai da ta haura arba'in, ta rasu a 2016. Labarin wata yarinya ne a gidajen talakawa, an ce mata Baba Kirsimeti ta bututun hayaƙi yake shigowa da kyauta, ta duba gidansu babu bututu, ta tsare uwarta da tambaya. Sai da ta girma ta gane ashe uwar ce ke fafutuka tana ajiye kayan. Ka sa wannan lokacin da uwargida ke gaban murhu hayaƙi na cin idonta. Wataƙila ka tuna wa ke yin Kirsimetin gidan nan, kai da aikinka murza biro.

Ta biyu daga Ostareliya, inda bikin ke faɗowa a tsakiyar zafi. Paul Kelly ya yi "How to Make Gravy" a 1996. Wani fursuna ne ke aika wa ɗan'uwansa saƙo ranar 21 ga Disamba, ya san ba da shi za a yi biki ba, abin da ya dame shi kuwa wa zai haɗa romon da shi ya saba haɗawa. Ya bi ya zayyana yadda ake yi, ya ce a sumbaci yaransa, sannan ya ja kunnen ɗan'uwan kada ya cika manne wa matarsa wajen rawa. Mutanen ƙasar har sun laƙaba wa ranar sunan romon. Na san kai da an rufe ka, kaset za ka fara tambaya kafin yara. Duk da haka ka saurare ta, za ka tuna da ɗanka da ke Legas wanda kuɗin mota ya hana shi zuwa bara, ka yi ta kallon ƙofa kana cewa ƙura ce ta shiga idonka.

Akwai kuma tsofaffin da aka yi wa sabon zubi, tun da na san ba ka cin tuwo sai ya kwana. Merle Haggard ya yi "If We Make It Through December" a 1973, kan magidancin da aka sallama daga masana'anta dab da biki, ba shi da abin saya wa 'yarsa. Phoebe Bridgers ta sake rera ta a 2020, da fiyano kawai da murya ƙasa-ƙasa. Duk wanda yake da ɗan'uwa da ya yi aiki a masaƙun Kakuri ba sai an fassara masa ba. Kada ka sa ta lokacin cin abinci, za ta ɓata mini loma. Leslie Odom Jr. shi ma a 2020 ya ɗauko "Little Drummer Boy" ya gayyato matasan Mzansi Youth Choir na Afirka ta Kudu, suka cika ta da amshi da kiɗa har yaron gangar ya zama kamar ɗan unguwarku. In kuma na gida kake so, ga Timi Dakolo, wanda a 2019 ya sake rera "Merry Christmas, Darling" ta Carpenters tare da Emeli Sandé. Wannan ta uwargida ce. Ka tashi ka taka da ita, in gwiwar ta yarda.

Na barcin rana ma ban manta ba. Khruangbin, wasu mutum uku daga Houston, sun ɗauki "Christmas Time Is Here" ta Vince Guaraldi ta 1965 suka narkar da ita da jita a 2018, a hankali kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Jim Reeves ya huta haka nan, bawan Allah tun 1964 ya bar duniya kai ba ka bar shi ba.

Ta ƙarshe kuwa saboda kai musamman na sa ta: "Socks" ta JD McPherson, 2018, kukan yaron da ya buɗe ƙunshin kyauta da ɗoki ya tarar da safa. Shekara nawa kana ba ni safa, Bazazzagi? Har kala ba ka canzawa. Ni kuwa duk Babbar Sallah cinyar rago guda nake aiko maka, ka karɓa ka ce ragon bana bai kai na bara ba.

In ka yi gardama, ina da maganinka. Sufjan Stevens ya fitar da waƙoƙin Kirsimeti 42 a 2006, ya ƙara 58 a 2012, ɗari cif. Zan ba jikokinka duka, in nuna musu madannin maimaitawa, in kama hanyar Kwanar Dangora.

Abu guda ne ba zan taɓa ba. Idan na iso da wuri na tsaya a inuwa kusa da tsohuwar majami'arku ta ƙasa, ta St. Bartholomew, ina jiran ku fito, nakan ji Zumuntar Mata sun ɗauki waƙa da Hausa, tulu na amsawa, caki na bi. Wannan babu memorin da zai kamo ta. Har muryarka nakan tsinto a can baya, tana bin tata hanyar daban, ba ruwanta da sauran jama'a.

Na san amsar da kake shiryawa. Za ka ce ni ma duk Sallah Bakandamiyar Shata nake sawa tun daga saukowa idi har yamma, kuma motata ba ta san wata waƙa ba. Gaskiya ne, sai dai Shata da bakinsa ya yi tasa, babu Bajamushe a bayan labule.

Ina nan tafe ranar 25, bayan kun taso. Na yarda a sa Boney M. sau ɗaya, don kada kajin su yi kewa. Ka gaida uwargida, ka ce mata cinya biyu bana, ɗaya ladan memori. Safar kuma, in dai ba makawa, a canza kala.

Naka,
Bakanon da ya fi ka ko a bikinka