Madalla da gidan mari

Madalla da gidan marin nan na Sabon Garin Daura, makarantar kwanan da ta fi kowace iya riƙon amana! Kimanin shekara 40 ta yi tana karɓar 'ya'yan mutane, kuma duk wanda aka damƙa mata sai ta riƙe shi gam, har da ƙarfe a ƙafa, don gudun kada amana ta salwanta. Wace makarantar gwamnati ce ta taɓa damuwa da ɗalibinta haka? A can yaro kan haura katanga ya tafi gidan kallon ƙwallo, ba wanda ya sani. A nan kuwa ko bayan gida zai zaga, mari na masa rakiya yana kacau-kacau.

Ga zumunci. Mutum sama da 300 a gida guda, an cusa su ɗaki-ɗaki, numfashin wani na sauka a ƙeyar wani, ba mai kukan kaɗaici. Yaro ƙarami da magidanci ɗan shekara 40 duk ɗaya ne a wurin dorina, ba ta san babba ba, ba ta san ɗan gata ba. Abinci kuwa an auna shi daidai yadda zai koya wa ciki ƙana'a. Sai takardar shaida. Ta sauran makarantu gara na iya cinye ta a akwati. Wannan makaranta a gadon bayan ɗalibi take rubuta tata, layi bisa layi, rubutun da zai shiga kabari da shi. Akwai ma darasin da baki ba ya iya faɗa, wanda yaran da kansu suka shaida wa 'yan sanda.

Iyaye ma sun cancanci jinjina. Ɗanka ya faɗa wa kodin ko tiramol, ko ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ko dai kawai ya cika gardama. Wani sakaran uba zai zauna ya tambaye shi abin da ke cinsa, ko ya ɗauke shi zuwa wajen likita a Dawanau, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware ta Sakkwato, ya sha wahalar hanya, ƙila ma maƙwabta su ji. Uba mai hikima kuwa sai ya riƙo hannunsa, ya ce, "Malam, ga amana nan, a gyara mana shi." Ya biya kuɗin, ya koma gida ya yi barci mai daɗi, mutuncin gidansa ya tsira. Daga wasu jihohi ake kawo su, har daga Nijar, saboda aikin kirki ba ya ɓuya.

Mu kuma mutanen gari, Allah ya saka mana da kawaicinmu. Garin da ke nuna wa baƙi rijiyar Kusugu, yana alfahari da baƙon da ya sare macijin da ya hana jama'a ruwa sai ranar Juma'a, shi ne ya yi shekaru yana wucewa ta ƙofar gidan nan, in ya ji ihu ya ce karatu ake. Hukuma ma ba ta yi katsalandan ba, duk da cewa mahaifar shugaban ƙasa na lokacin ce. Ta jira sai da asirin wani gida irinsa ya tonu a Rigasa ta Kaduna cikin Satumban 2019. Ai tana da manyan ayyuka a gabanta: a Disambar shekarar aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a Daura.

Abin takaici ɗaya ne, butulcin ɗaliban. Cikin Oktoban 2019 suka yi bore, suka fasa, suka watsu cikin gari, ko sallama ba su yi wa masu tarbiyyarsu ba. Da 'yan sanda suka shiga, mutum 67 suka fito da su, ƙasusuwa a waje, wasu da ƙyar suke ɗaga ƙafa, idon sawu duk gyambo inda ƙarfe ya zauna. Ƙaraminsu shekararsa 7, ko famfara bai gama ba.