Agogon Kawu

Daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda zuwa filin Umaru Musa 'Yar'adua na Katsina akwai tazarar kusan kilomita 3,500, in an miƙe ta saman Bahar Maliya, Sudan da Chadi. Jirgin alhazai kan cinye ta cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar, kafin yaƙin Sudan na Afrilun 2023 ya rufe samaniyar ƙasar, a koma zagaye. Wannan hanyar ce kakanninmu suka bi a ƙafa da bisa jaki har tashar Suwakin, wasu shekaru suke yi, wasu ma can suka yi jikoki.

Kawuna bai damu da wannan lissafi ba. Dillalin wake ne a Magamar Jibia, kuma a wurinsa nisa shi ne Ɗan Isa, Maraɗi in ta yi tsanani. Shekarar da ya sauke farali, abin da ya fara saye a Makka agogo ne mai ruwan zinare. Mai shago ya saita masa shi, ya ɗaura.

Ranar dawowa ya bugo mini waya: "Kai yaro, ƙarfe huɗu na la'asar za mu sauka. Na yi lissafi da agogona. Kada ku sa in tsaya kamar marar dangi."

"To Kawu, Allah ya kawo ku lafiya."

Abin da Kawu bai saka a lissafin ba shi ne, agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu. Huɗunsa biyunmu ce. Lokacin da tayoyin jirgi suka taɓa ƙasar Katsina, mu muna Magama ana gardamar wa zai zauna gaba, uwargida ko amarya.

Muka taso a mota uku. Duk wanda ya san hanyar Jibia zuwa Katsina ya san ba da kilomita ake auna ta ba, da shingaye ake aunawa. A ɗaya aka buɗe kular dambun nama, aka ce bincike ne, aka ɗanɗana, aka tabbatar babu laifi a ciki. A gaba taya ta yi faci, safayar kuma tana gida, yara sun ɗaura mata igiya suna lilo.

Biyar saura muka isa. Alhazai duk sun watse. Ga Kawu shi kaɗai zaune kan jaka, rungume da jarkar zamzam, haƙorin Makka yana walƙiya, amma ba don murmushi ba.

"Sannu da zuwa, Kawu."

Ya miƙo mini tsintsiyar hannu. "Duba nan. Bakwai saura! Na ƙetare teku da ƙasa biyu, ku kun kasa ƙetare Daddara."

Na soma bayani kan yadda rana ke riga fitowa a gabas. Ya ɗaga hannu: agogon da aka saita a gaban Harami, ba ɗan boko ne zai gyara masa zama ba.

Washegari ƙarfe uku na dare unguwa ta farka da bugun ƙofa. Kawu ne a gidan ladan, yana tambayar ko an daina sallar asuba ne tun da ya tafi.