Shaddar da Na Sa Zuwa Ƙara

Abokin zamana ya daina ba da kasonsa na katin wuta da gas da kuɗin mai garuwa, amma shi ke kwana a gaban fanka. Bashi ya kai naira 47,500. Na ce zan kai shi caji ofis, wani lauya da muka yi makaranta tare ya ce kul, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi. Ya ce tun 2019 akwai kotun ƙananan basussuka a Kano, ba sai da lauya ba, sai dai ka fara aika takardar neman biya, ka kuma zo da hujja. Mu kuwa da fatar baki muka yi yarjejeniya. A kotun Musulunci in ba shaida rantsuwa za a ba shi, mutumin da ko gishiri ya ƙare sai ya ce wallahi tallahi. Saura mai unguwa.

Na ci ado, na zuba farar shadda, na shiga zaure na baje rasidai a kan tabarma. Na yi bayani tiryan-tiryan, dattawa na gyaɗa kai. Mai unguwa ya dubi mutumin ya ce, "To, kai me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, duk abin da ya faɗa haka ne. Roƙona ɗaya, in an tashi ya cire min rigata, gobe ina da ɗaurin aure."

Tsit. Idanu duk suka sauko kan ƙirjina. Ni ma na duba, kamar yau na fara ganin aikin wuyan. Tun sallar bara na are ta, har na manta tana da mai ita. Wani yaro a bakin ƙofa ya ce, "Har hular?" Mutumin ya ce a'a, hular ya bar min. Wannan ya bar min ɗin ne ke tashina da dare.

Sai wani tsoho da ba wanda ya gayyata ya matso, goro a kunci. "Yaro, ka yi aure."

Na ce, "Baba, maganar kuɗin wuta ake."

"Ita nake yi. Mu da aci-balbal muka girma, ba mu taɓa kai kowa ƙara ba. In aure ya gagara, ka riƙa kwana da wuri." Ya shafa hannun rigar da yatsa biyu, ya juya ga mutumin. "Nawa ka sayi yadin?"

Minti goma aka yi ana maganar farashin shadda a Kantin Kwari, ina cikinta ina zufa.

Mai unguwa ya yanke cewa ya riƙa biyana a hankali, ni kuma in mayar da riga a wanke a goge kafin magariba. Wankin da gugar sun ci min naira 800. Shi har yau a hankali yake.