Idan Uwargida Windows ta Hana Amarya Ubuntu Intanet

Wanda ya ajiye Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya, mata biyu ya ajiye, kuma ranar da intanet ya ɗauke kowace za ta rantse ba ranar girkinta ba ce. Kafin ka goge ɗaya cikin fushi, malam, sha ruwa ka zauna.

Fara da salular da ke ba kwamfutar intanet. Matamaye ta Nijar dab take da iyaka, wanda ya dawo daga wajen Ɗan Barto yana iya tarar da layinsa ya liƙe wa rezon Najeriya. Duba ko Airtel, Moov ko Zamani ɗinka ne a sama, ka duba ko forfe bai ƙare ba. Sannan kalmar sirri: injin da aka sayo a Kano QWERTY ne, kai kuma ka ɗora masa Ubuntu na Faransanci mai AZERTY. Ka danna A, Q ke fita, lambobi kuma sai da Shift. Danna alamar ido ka ga abin da kake rubutawa.

In duk wannan lafiya lau, to uwargida ce. Tun Windows 8, a 2012, in ka ce mata ta kashe, ba ta mutuwa sarai. Kishingiɗa take yi, ido ɗaya buɗe, don ta yi saurin tashi gobe, wani lokacin kuma da katin Wi-Fi a ƙarƙashin matashinta. Amarya ta shigo ta laluba ko'ina, babu. Koma Windows, riƙe Shift sannan ka danna kashewa. In kana son sulhu mai ɗorewa, shiga saitin wutar injin ka cire alamar da ke gaban "démarrage rapide". In ta kafe, zare caja, ka riƙe maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30. Bayan cire alamar, tashinta zai ɗan ƙara jinkiri, kuma wallahi jinkirin ya fi yawon neman mai gyara har Damagaram a kan abin da yatsa ɗaya ke warwarewa.

A wajen amarya, buɗe Terminal ka rubuta rfkill list. In ka ga an toshe, rfkill unblock all. In toshewar ta maɓalli ce, nemi mai hoton jirgin sama, wataƙila yaran gida sun riga ka zuwa wurin.

Agogo ma suna faɗa a kansa. Ubuntu tana ajiye lokacin UTC, Nijar kuwa tana gaba da awa 1, sai Windows ta mayar da kai baya har ka iske an idar da Juma'a. Wannan ba ya hana intanet. Wanda ke hanawa shi ne mutuwar ƙaramin batirin ciki, galibi CR2032: kwanan wata ya koma shekarun baya, shafuka su ƙi buɗewa.

Saura Ubuntu da ba ta san katin ba sam, kamar wasu na Broadcom. Jona salula da kebul, kunna raba intanet ta USB, ka shiga "Pilotes additionnels" ka sauko da abin da ya dace. Yi shi tun akwai kuran, batiri cike.