Mutanen Da Ba Sa Fashin Babban Taron Jam'iyya

Wanda ya raba dare gaban talabijin a watan Yunin 2022, lokacin da APC ta tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa a dandalin Eagle Square, ya sha kallo kyauta. Taron PDP na ƙarshen Mayu ma haka yake, lema ce kawai a madadin tsintsiya.

Ga Alhaji Na-janye. Ya sayi fom na naira miliyan 100, ya zaga fadojin sarakuna, ya cika gari da fosta. Da aka miƙa masa makirfo sai ya gyara babbar riga, ya lissafo alherinsa kaf, har ka ce yanzu zai nemi ƙuri'a, sai kawai ya ce kishin ƙasa ya sa ya bar wa yayansa. A daren APC Akpabio ne ya buɗe fagen janyewa, su Amosun da Fayemi da Badaru suka biyo sahu. Kada ka tausaya wa Alhaji. Bayan zaɓe Akpabio ya zama shugaban majalisar dattawa, Badaru ministan tsaro. Tambuwal kuwa sau biyu ya hau dandamalin PDP: na farko ya roƙi ƙuri'a, na biyu ya miƙa wa Atiku.

Sai Sarkin Alkawari. Aiki ga matasa, taki ga manoma, tsaro ya dawo kafin damina. Idan ya ga tafi ya yi sanyi sai ya jawo wutar Mambila, wadda ake alkawarinta tun kafin a haifi rabin masu yi masa "sai ka yi".

Akwai Mai Yaƙini, wanda jawabinsa ya fi na kowa daɗi. Fasto Tunde Bakare ya daɗe yana cewa shi ne shugaban Najeriya na 16. Da aka ƙirga a taron APC, ko ƙuri'a ɗaya bai samu ba.

Dalili kuwa yana wajen Malam Daliget, angon kwana uku. A mazaɓarsa ko kansila ba ya ɗaga wayarsa, amma a Abuja gwamna da kansa ke tambayar ko ya ci abinci. Duk wannan jawabi dominsa ake yi, shi kuwa ya tura hula gaba yana sharar barci. Ba laifinsa ba ne: an gama magana da shi tun jiya a otal, gwamnansa ya faɗa masa sunan da zai rubuta. Batun dalolin da aka yi ta raɗe-raɗi, wannan sai ku tambayi 'yan canji.

Da gari ya waye sai Limamin Haɗin Kai ya fito, kuma kullum wanda ya yi nasara ne. "Duk ɗaya muke, gida ɗaya ne, babu wanda ya faɗi." Wanda ya faɗin yana gefe yana yaƙe, ya rungumi ƙaddara a gaban kyamara. A taron PDP Wike ya samu ƙuri'a 237, Atiku 371. Kafin shekara ta ƙare Wike ya haɗa gwamnoni biyar, har da shi, sun juya wa ɗan takarar jam'iyyarsu baya. Idan ɗinke ɓaraka tsakanin jam'iyyu ake nema, babu wanda ya kai shi: a watan Agustan 2023 ya zama ministan Abuja a gwamnatin APC, katin PDP na aljihunsa.